Ranar da 'yar aji biyu ta ce gem ɗinmu ƙarya yake yi

Labarin da muka zo muku da shi a wannan mako na wani wasan kwamfuta ne da muka haɗa mu huɗu cikin kwana biyu, da abin da mutane suka gaya mana bayan sun buga shi, da kuma yadda muka kusa rasa aboki saboda ba mu iya sauraro ba.

Bari mu fara da bayanin irin gasar da muka shiga, domin wataƙila wasunku ba su taɓa jin labarinta ba. Ana kiran ta gem jam. Masu sha'awar haɗa wasannin kwamfuta ne suke taruwa, a ba su maudu'i guda da ɗan gajeren lokaci, yawanci awa 48, a ce kowace ƙungiya ta fito da gem ɗin da za a iya bugawa kafin lokaci ya cika. Wadda ta fi suna ita ce Global Game Jam. An fara ta a watan Janairun 2009, kuma duk shekara wajen ƙarshen Janairu ake yin ta a ƙasashe masu yawa lokaci guda. Akwai wata da ta girme ta mai suna Ludum Dare, wadda aka fara tun 2002. Kada ku raina abin da ake haɗawa cikin 'yan kwanaki. Celeste, wanda ya fito a 2018 ya yi suna a duniya, asalinsa ɗan ƙaramin gem ne da mutum biyu suka haɗa cikin kwana huɗu a 2015. Haka ma Hollow Knight na 'yan Ostireliya, tushensa wani ɗan gem ne da suka yi a gasar Ludum Dare a 2013.

Tamu gasar ƙarama ce. Ɗaliban sashenmu ne suka shirya ta a ɗakin kwamfutocin makaranta, daga ƙarfe 4 na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Ƙungiyoyi bakwai muka shiga, maudu'in da aka ba mu kuma shi ne "hanyar fita". A ƙungiyarmu, mu biyu ne masu rubuta wa kwamfuta umarni, ciki har da mai wannan rubutu. Ta uku 'yar ajinmu ce mai zane, na huɗu kuma abokinmu ne da ya ce a bar masa duk abin da ya shafi sauti.

Da muka ji maudu'in, sai tunaninmu ya tafi kan irin wasannin da ake jefa jarumi cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta ratsa ɗakuna yana kauce wa dodanni har ya samu mafita. Irin waɗannan sun daɗe. Tun 1980 aka yi wani mai suna Rogue, wanda duk lokacin da ka fara ɗakunan sukan canza, idan aka kashe ka kuma sai ka koma farko. A 2015 wani kamfani na Kanada ya fitar da Crypt of the NecroDancer, inda aka haɗa kurkukun da kiɗa: jarumar ba ta takawa sai a kan bugun ganga. Wannan dabara muka ara, amma muka ce sai mun sa mata tufafin gida.

Ga yadda namu ya kasance. Wani yaro ne ya faɗa tsohuwar rijiya, ya tarar da ɗakuna biyar a ƙarƙashinta, akwai kunamu da jemagu, a ɗakin ƙarshe kuma dodo yana gadin ƙofa. A hannun yaron akwai fitilar aci-bal-bal. Kiɗa yana tashi, kai kuma kana danna maɓallin hagu ko dama ko sama ko ƙasa daidai da bugun kiɗan. Harshen wutar fitilar yana ɗan tsalle a kowane bugu. Idan ka kuskure, wutar ta ragu. Ka kuskure sau uku, fitila ta mutu, ka koma bakin rijiya. Da manhajar Godot muka gina shi, wadda kyauta ce, wasu 'yan Ajantina biyu suka ƙirƙiro ta aka sake ta ga kowa a 2014.

Akwai ɗan lissafi a nan, ku riƙe shi domin za mu dawo kansa. Mun sa kiɗan ya riƙa bugawa sau 120 a minti ɗaya, wato bugu biyu a kowane sakan. Idan aka raba sakan ɗaya gida 1000, kowane kashi sunansa milisakan. Ke nan tsakanin bugu da bugu akwai milisakan 500. Tun da ba ɗan Adam ɗin da zai danna maɓalli daidai cif, dole a ba shi ɗan rangwame. Mu muka sa masa suna tazarar afuwa, muka tsayar da ita a milisakan 80 kafin bugu da 80 bayansa. Duk wanda ya danna a wajen wannan tazara, gem ya ce ya kuskure.

Yanzu maganar kiɗan. Mun ɗauka abokinmu zai haɗa shi ne a kwamfuta kamar yadda kowa yake yi. Ranar Asabar da safe sai ya ce zai leƙa gida ya dawo. Wajen azahar sai ga shi da buhu a hannu. Bai buɗe ba sai da ya ja mu wani ɗan ɗakin ajiya ya tura ƙofa. Kalangu ne a ciki, har da gularsa. Shekara biyu muna aji ɗaya da shi, muna cin abinci tare, ba wanda ya san cewa mahaifinsa makaɗi ne, kakansa ma haka. Kun san yadda wasu suke kallon gidan makaɗa a ƙasar Hausa: a so su ranar biki, a yi musu liƙi, amma da zarar an zo maganar aure sai a fara tambayar asali. Shi ya sa ya ɓoye.

Ya rataya kalangun a hammata, ya lulluɓa bargo a kansa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, muka tura masa waya ƙarƙashin bargon tana ɗauka. Yana matse tsarkiya da hannu sautin yana hawa, yana sakinta yana sauka, kamar gangar tana magana. A kunnensa kuma akwai ƙarar agogon kwamfuta mai ƙirga bugu 120, yana bin ta bai kauce ba. Da ya fito daga bargon yana zufa, duk mu ukun mun kasa cewa komai. Mai zanenmu ce ta fara magana, ta ce, "Ashe haka kake, ka bar mu a duhu?" Ya yi murmushi kawai.

Daga nan har daren Asabar gwaji muke yi. Kwamfuta ɗaya, iyafis ɗaya mai waya, muna karɓa-karɓa. Mun buga ya fi a ƙirga, har muka haddace inda kowace kunama take. Ana ɗauke wuta, ana tayar da janareta, mu dai muna kai. Zuwa safiyar Lahadi kowannenmu yana iya kai wa dodo ba tare da fitila ta ko girgiza ba. Muka ce ai ma gem ɗin ya yi sauƙi da yawa, muka ƙara kunama biyu a ɗakin farko.

Bayan sallar la'asar aka buɗe ƙofa ga baƙi. Akwai ɗalibai 'yan uwanmu, da malamai, da wasu ɗaliban sakandare da aka gayyato. Saboda muna so kowa a zauren ya ji kalangun, sai muka aro sifika mai Bluetooth wurin wani ɗan ajinmu, muka kuma haɗa kwamfutar da majigi. Muka ajiye takardu da biro a gefe domin duk wanda ya buga ya rubuta ra'ayinsa.

Mutum na farko ya zauna, bai yi taku biyar ba fitila ta mutu. Na biyu haka, na uku haka. Mu kuwa muna tsaye a bayansu muna ta ba da umarni: "Danna yanzu! A'a, ka yi jinkiri! Ka saurari kiɗan mana!" A zuciyarmu mun riga mun yanke hukunci cewa mutanen nan ba su iya gem ba.

Can sai wata yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta zauna, ƙanwar wata 'yar ajinmu ce. Kafin ma ta taɓa maɓalli ƙafarta ta fara bin kiɗan. Ta buga sau ɗaya, fitila ta mutu. Ta sake, ta mutu. A karo na huɗu ta juyo ta kalle mu ta ce, "Yaya, wallahi daidai nake dannawa. Gem ɗin nan ƙarya yake mini." Muka yi dariya. Ɗayanmu ya ce, "Ƙanwata, kwamfuta ba ta ƙarya. Ki ƙara koyo." Ta tashi ba ta rubuta komai a takarda ba.

A cikin mutum 23 da suka buga, ɗaya ne tak ya kai ɗaki na huɗu. Wani ɗan aji uku ne a jami'ar, wanda ya zauna da nasa iyafis ɗin a kunne yana sauraren sharhin ƙwallo, ko cirewa bai yi ba. Muka yi ta yaba masa, muna cewa ga wanda ya gane wasan. A sakamako muka zo na biyar cikin bakwai.

Da daddare muka zauna a teburin mai shayi muna karanta takardun. Kowa ya yaba zanen. Amma 14 daga ciki sun ambaci kiɗa, kuma ba da alheri ba. Wani ya rubuta, "Kiɗan yana rikita mutum." Wata ta ce, "Ba a gane inda za a danna." Wani kuma ya ce kai tsaye, "Ku cire kalangun ku sa kiɗan zamani." Sauran ƙorafin su ne ya yi wuya, ban san abin da ya kashe ni ba, sai kuma wani da ya ce a ba yaron bindiga.

Mun gaji, ba mu yi barci ba, ga haushin faɗuwa. Mutum a wannan hali neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi, takardun kuma sun miƙo mana shi a faranti. Mu ukun muka amince cewa kalangun ne matsala. A nan ɗaya daga cikin mu masu rubuta umarni ya ce, cikin raha, "Ai dama kalangu na gidan biki ne, me ya kawo shi kwamfuta?" Sauran biyun ba su tsawata ba, har da ɗan murmushi. Abokinmu bai ce uffan ba. Ya shanye shayinsa, ya biya kuɗinsa, ya ɗauki buhunsa ya yi mana sai da safe. Kwana tara bai zauna kusa da mu a aji ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, mun ga haka da idonmu.

Allah Ya taimake mu mai zanenmu ta ɗauki bidiyon masu bugawa daga baya da wayarta, don ta ajiye tarihi kawai. Bayan kwana biyar tana kallon bidiyon yarinyar nan a ɗakin kwanansu, sai ta lura da wani abu, ta kira mu. Muka zauna muka kalla a hankali. Yatsan yarinyar yana sauka daidai lokacin da kalangu yake bugawa, ko sau ɗaya bai kauce ba. Amma harshen fitilar da ke kan allo yana yin tsalle tun kafin a ji bugun.

Muka saka bidiyon a manhajar tace bidiyo, inda ake ganin hoto a sama, zanen sauti a ƙasa. Bidiyon waya jerin hotuna ne, 30 a kowane sakan, ke nan kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 33. Muka ƙirga daga hoton da fitila ta yi tsalle zuwa inda sautin ya tashi: hoto shida. Shida sau 33 ya ba mu kusan milisakan 200. To ku tuna tazarar afuwarmu 80 ce. Wanda ya danna daidai da abin da kunnensa ya ji, a lissafin gem ɗinmu ya makara da 200, ya wuce iyaka da 120. Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa.

Daga ina jinkirin ya fito? Daga sifikar da muka aro. Kafin sauti ya bi ta Bluetooth, sai kwamfuta ta dunƙule shi, ta aika ta iska, sifikar ta tara kaɗan a ma'ajiyarta don kada ya riƙa yankewa, sannan ta warware shi ta fitar. Duk wannan yana cin lokaci. Idan fim kake kallo da wuya ka lura, domin manhajoji da yawa suna jinkirta hoton ya jira sautin. Mu kuwa ba mu gaya wa gem ɗinmu ya jira komai ba. Iyafis mai waya da muka yi gwaji da shi kwana biyu ba ya da irin wannan jinkirin, shi ya sa ba mu taɓa ganin matsalar ba. Minti goma kafin baƙi su shigo muka canza na'ura, kuma ba wanda ya zauna ya buga ko sau ɗaya da ita.

Sai a lokacin muka gane sirrin gwaninmu mai sauraren ƙwallo. Bai ji kalangun ba sam. Fitila yake kallo, yana dannawa idan ta yi tsalle, ita kuwa fitilar tana kan daidai. Wato mun haɗa gem na kiɗa wanda mai kunne ba zai iya ci ba, sai wanda ya toshe kunnensa. Duk wanda ya fi iya bin kiɗa shi ya fi saurin mutuwa. Kalangun abokinmu bai kauce ko da bugu ɗaya ba. Laifin namu ne, mu masu rubuta umarni, mu da muka fi kowa ɗaga murya a teburin mai shayi.

Muka koma kan takardun nan 23 muka sake karantawa, wannan karon muka raba abin da ke ciki kashi uku. Kashi na farko, abin da ya faru da mutum: na danna, fitila ta mutu. Kashi na biyu, abin da ya ji a ransa: na rikice, na ji haushi. Kashi na uku, maganin da yake ba mu: ku cire kalangu, ku ba shi bindiga. Muka ga cewa kashi biyun farko duk gaskiya ne, babu wanda ya yi mana ƙarya. Kashi na ukun ne yake buƙatar bincike. Misalinsa kamar mutumin da ya kai wayarsa wurin mai gyara ya ce ba ta caji, a canza masa batir. Gaskiya ne ba ta caji. Amma mai gyaran kirki sai ya duba tukuna, watakila datti ne kawai ya toshe bakin cajin. Wanda ya canza batir don mai waya ya ce a canza, ya ci kuɗin mutum kuma wayar tana nan yadda take. Wanda kuma ya ce wa mai waya ai kai ne ba ka iya caji ba, ya fi wancan laifi. Mu duka biyun muka yi a rana ɗaya: mun ƙaryata yarinyar da ta gaya mana abin da ya faru, muka gaskata waɗanda suka ba mu magani.

Da wannan rabo sauran ƙorafin ma suka fito fili. Masu cewa ba su san abin da ya kashe su ba, da muka duba bidiyo sai muka ga majigin ya dusashe launuka, kunama da ƙasa sun zama kala ɗaya. Mai zanenmu ta ce wannan nata ne, ta zagaye kowace kunama da farin layi. Masu cewa ya yi wuya kuma, ai mu muka cika ɗakin farko da kunamu saboda mun haddace shi, muka manta cewa baƙo bai ma san maɓallan ba tukuna. Muka kwashe su gaba ɗaya, ɗakin farko ya zama fili, mutum ya yi tafiya da kiɗa har jikinsa ya saba.

Muka faɗaɗa tazarar afuwa daga 80 zuwa 150. Daga baya muka samu labarin cewa Ryan Clark, wanda ya tsara Crypt of the NecroDancer, shi ma da farko ya matse tazarar, da ya ga tana sa takaici sai ya yi ta faɗaɗa ta. Muka kuma ƙara wani ɗan gwaji kafin a fara wasa: kalangu zai buga sau takwas, mai wasa ya danna tare da shi, gem ya auna matsakaicin jinkirin na'urarsa ya riƙa cire shi daga lissafi. Manyan wasannin kiɗa da yawa suna da irin wannan gwajin, mu ne dai ba mu taɓa tambayar kanmu amfaninsa ba. Sannan duk lokacin da mutum ya kuskure, sai rubutu ya fito ya ce masa "ka yi sauri" ko "ka makara", don ya san ta inda zai gyara. Bindiga kuwa ba mu ba yaron ba. Wanda ya nemi bindiga abin da yake nufi shi ne ba shi da yadda zai kare kansa, kuma gyaran lokaci ya magance wannan.

Gyaran gem ya ɗauke mu yamma biyu. Zuwa gidan abokinmu ne ya yi mana nauyi. Ranar Asabar muka shirya mu ukun muka tafi unguwarsu. Muka tarar da mahaifinsa a zaure yana gyaran fatar wata ganga, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya aika aka kira ɗan nasa. Muka buɗe kwamfuta muka nuna masa bidiyon da hoto shidan nan, muna ta bayanin milisakan, kamar lissafin zai wanke mu. Ya kalla har ƙarshe sannan ya ce, "Ni na san kiɗana bai kauce ba. Ba wannan ne ya dame ni ba." Ba sai ya ƙarasa ba. Wanda ya yi maganar gidan biki ya ce, "Ɗan uwa, na yi kuskure, ka yafe mini don Allah." Sauran biyun ma suka nemi gafarar shirun da suka yi. Ya ɗan jima kansa a ƙasa kafin ya ce ya wuce.

Baba yana jin mu duk da bai ɗago ba. Da ya fahimci abin da ya faru a zauren gasar sai ya ce, "'Ya'yana, mu idan muna kiɗa ƙafar masu rawa muke kallo. Baki zai ce maka kiɗa ya yi daɗi don kunya, ko ya ce bai yi ba don haushi. Ƙafa ce take nuna maka inda ka sake su." Muka kalli juna, domin ƙafar yarinyar nan tana cikin bidiyonmu tun minti na farko.

Bayan mako biyu muka roƙi 'yar ajinmu ta sake kawo mana ƙanwarta. Kafin ta zauna muka ba ta haƙuri, muka gaya mata cewa ita ce mai gaskiya. Ta ce, "Ai na gaya muku." Muka haɗa sifikar nan dai da ta ba mu kunya. Wannan karon mun kafa wa kanmu doka: ba mai magana, ba mai nuni da yatsa, kowa ya riƙe takarda ya rubuta abin da ya gani. Wahalar yin shiru a lokacin sai wanda ya gwada. Ta wuce ɗaki na ɗaya, na biyu, na uku, jemage ya kashe mata fitila a na huɗu. Ta bugi tebur ta ce, "Kai! Wannan laifina ne. A sake." Ta buga sau shida kafin yayarta ta ce dare ya yi. Tana fita ta ce ɗaki na uku ya cika tsawo, mutum yana gajiya. Muka rubuta, ba wanda ya yi musu.

Ƙannenmu, mun san ba dukanku ne za ku haɗa gem ba. Amma kowannenku zai rubuta insha'i, ko ya shirya jawabin muhawara, ko ya zana wani abu, ko ya ɗinka riga, sannan wani ya duba ya ce bai yi ba. Ga abin da muke yi yanzu, ko zai yi muku amfani. Muna ba wanda bai taɓa ganin aikin ba, domin idonmu ya riga ya saba da shi. Muna yin shiru yana dubawa, saboda ranar da aikin zai fita ba za mu kasance a bayan kowa muna bayani ba. Muna gwadawa a wurin da za a yi amfani da shi, da kayan da za a yi amfani da su: idan jawabi ne a filin taro za ka yi shi, to ka gwada muryarka a filin. Idan mutum ya ce mana ku canza kaza, mukan tambaye shi, a daidai ina ka fara jin haka? Kuma ba ma yanke hukunci a daren da muka sha kaye. Sai mun yi barci.

Wanda yake son gwada haɗa gem kuma, ba sai ya jira jami'a ba. Akwai manhajar Scratch ta jami'ar MIT da ke Amurka, kyauta ce, an yi ta ne domin yara, kuma jera tubala ake yi a maimakon rubuta umarni. Ku haɗu ku uku ko huɗu a ɗakin kwamfutar makarantarku, ku ba kanku Asabar da Lahadi, ranar Litinin ku zaunar da ɗan aji ɗaya ya buga ku yi shiru ku kalli hannunsa.

Gem ɗinmu yana nan, muna ta gyara. Abokinmu ya yi wa ɗakin dodo sabon kiɗa mai sauri, amma a gida ya ɗauka ya turo mana ta waya. Tun daren nan na teburin mai shayi kalangun bai sake shigowa makaranta ba, mu kuma ba mu tambaye shi dalili ba. Muna fatan wata rana zai kawo shi da kansa.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya sa mu zama masu jin gyara. Sai mun haɗu a wani makon.